Sayen Gida A Samaru Maimakon Biyan Haya

Tun da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 Samaru take cika tana batsewa, domin ɗakunan kwanan jami'a sun daɗe da kasa ɗaukar ɗalibai. Shi ya sa wasu iyaye masu hali suke ganin gara su sayi gida kusa da jami'a, ɗansu ya zauna ɗaki guda, sauran a zuba 'yan haya. Wai biyan haya ɗiban ruwa ne da kwando, gida kuwa dukiya ce.

Lissafin da daɗin ji, amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Gidan ɗalibai da karatu yake numfashi. A 2020 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata tara, a 2022 kuma na wata takwas. Ɗalibi ya kulle kayansa ya tafi garinsu, haya ta ƙare bai sabunta ba, ɗakin kuma ba ya ba wani. Ga batun takardu: Dokar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, cinikinsu bai tabbata sai da amincewarsa, balle a ce gidan gado ne da magada ba su gama rabawa ba.

Abin da ya fi muni shi ne halin da yaron zai shiga. An turo shi neman ilmi, an mai da shi wakilin maigida: yau rijiya ta ƙafe, gobe masai ya cika, jibi yana bin abokin ajinsa bashin haya, alhali jarrabawa saura mako guda.