Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Gudummawar Kayan Aiki Ga Makarantar Gyaran Jiragen Sama

Tun daga shekarar 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, jirgin sama ya shiga rayuwar Bahaushe. Manomin da ya sayar da amfanin gonarsa a Kwanyawa ko Karaye ko Rogo ya biya kujerar Makka, yakan isa Jidda cikin 'yan sa'o'i, tafiyar da kakanninsa suka riƙa shafe shekaru suna yi a ƙasa. Amma idan an sauka lafiya matuƙi ake yaba wa, alhali kuwa ran fasinja yana hannun wani mutum da ba ya shiga jirgin, watau makaniken da ya duba shi ya sa hannu kafin ya tashi.

Abin da ya faru ranar 11 ga Yuli, 1991, ya isa misali. Jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ya ɗauko haya, ya ɗebo alhazai daga Jidda zuwa Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska, kuma aka bar shi ya tashi a haka saboda gudun ɓata lokaci. Tayoyi suka fashe yana cikin gudu, wuta ta kama, aka naɗe ƙafafun jirgin da wutar a jikinsu. Mutum 261 da ke ciki ba wanda ya tsira. Kowa ya san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma sanadin ya taso ne daga aikin da ma'aunin iska da tukunyar iskar nitirojin za su iya gamawa.

Wurin da ya daɗe yana horar da irin waɗannan ma'aikata a Nijeriya shi ne Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa da doka a 1964. Ita kanta da gudummawa ta tsaya da ƙafarta, domin gwamnatin tarayya ta haɗa hannu ne da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da kuma hukumar zirga-zirgar jiragen farar hula ta duniya, aka samu ƙwararrun malamai da kayan koyarwa. Wannan taimako na baƙi ya yi ranarsa, sai dai Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Makarantar da ta haura shekara 60 bai kamata ta zauna jiran mutanen Turai ba, ga attajirai da kamfanonin jirage a Kano da Katsina da Kaduna.

Dalilin da ya sa kayan aiki suka zama tilas a fili yake. Ana iya koyar da nahawu da allo da alli, amma ba a koyar da gyaran inji sai da inji. Lalle ne ɗalibi ya kwance, ya wanke, ya auna, ya mayar, ya yi kuskure a kan jirgin da ba zai tashi ba, domin kada ya yi shi a kan wanda ya ɗauki mutane. Yana bukatar sifana mai awon ƙarfin ɗauri, domin kowane noti a jikin jirgi yana da iyakar matsewar da aka rubuta masa. Yana bukatar madubin leƙa cikin inji, da na'urorin gwada wayoyin lantarki, da littattafan da maƙeran jirgin suka rubuta. Duk waɗannan da kuɗin waje ake sayensu, kuma kason makaranta ba ya ɗaukarsu gaba ɗaya.

A nan ne tsofaffin jirage suke da amfani. An sha ganin jiragen kamfanonin da suka durƙushe, har da Nigeria Airways da aka rushe a 2003, suna yashe a gefen filayen jirage, rana ta doke su, ruwa ya doke su, daga baya a yayyanka a sayar wa 'yan gwangwan. Jirgin da ya gama yawo a sama bai gama aiki ba. Injinsa da ƙafafunsa da fukafukansa za su iya koyar da ɗalibai shekara da shekaru, kuma kuɗin da mai shi zai samu a wurin mai awon ƙarfe bai kai ladar sadaka mai gudana ba.

Sai dai ba kowace kyauta ce taimako ba. Akwai mai kawo gangar jirgi bayan ya kwashe duk abin da ke da daraja a ciki, a ɗauki hoto, a buga a jarida, makaranta ta wayi gari da juji a harabarta. Kyautar da za ta amfana ita ce wadda aka tambayi malamai kafin a kawo ta, ta zo da littattafanta, da wanda zai nuna yadda ake aiki da ita, da kuma tanadin daidaita ma'aunai lokaci lokaci. Ma'aunin da ya karkace ya fi rashinsa haɗari, domin yakan koya wa ɗalibi amincewa da ƙarya.

Wani zai ce mutanen karkara da ke fama da taki da ruwan sha ina ruwansu da wannan magana. Amsa ita ce ƙasar Rogo tana iyaka da Jihar Kaduna, Zariya ba nisa gare ta ba. Samarin da ke kwance injin ban ruwa a bakin madatsar Challawa, ko su gyara babur da injin niƙa a kasuwar ƙauye, suna da hannu da basirar da sana'ar take nema, abin da suka rasa shi ne lissafi da Turanci da kuɗin makaranta. Kuma yankin ba baƙo ba ne a harkar, domin marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda ya kafa Kabo Air a 1980, mutumin Kabo ne, maƙwabciyar Karaye. Idan yankin ya fitar da mai jirgi, zai iya fitar da mai gyara shi.

Habasha ta nuna hanya. Da taimakon kamfanin TWA na Amurka kamfanin jiragenta ya fara, amma ya buɗe makarantarsa a 1956, har ta kai yanzu a Addis Ababa ake gyara jiragen wasu ƙasashen Afirka. A Nijeriya kuwa, sai a 2018 kamfanin Aero Contractors ya kammala babban binciken jirgi ƙirar Boeing 737 a Legas, aikin da a da ake fitar da maƙudan kuɗi a yi a ƙetare.

Saboda haka ya wajaba kamfanonin da ke jigilar alhazai su ware tsofaffin injuna da kayan awo su miƙa wa makarantar Zariya da cikakkun takardunsu. Ya kamata hukumar filayen jirage ta fara tuntuɓar makarantu kafin ta yarda a yanka jirgi. Ƙananan hukumomin Karaye da Rogo kuma su ɗauki nauyin ko da ɗalibi biyu ne a kowace shekara. Allah Ya sa masu hali su ji, su kuma aikata.