Darasin Lambar Rimi Ga Ikara, Maƙarfi Da Kudan

A shekarar 2005 gwamnatin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ƙirƙiro aikin samar da lantarki daga iska a Lambar Rimi, Jihar Katsina: fankoki 37, megawat 10. Aikin ya haura shekara goma bai kammalu ba, har 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin Faransa a 2012.

A ganina, wannan izina ce ga duk mai burin kawo irinsa Ikara, Maƙarfi da Kudan, inda tumatir ke ruɓewa saboda rashin wutar sarrafa shi. Kafin a kafa fanka ko ɗaya, wajibi ne a auna ƙarfin iska, a tanadi tsaro, a koya wa 'ya'yanmu gyara, sannan wutar ta fara isa ga manomi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.