Darasin Kontagora: Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni

A farkon shekarar 1901 ne rundunar Gwamna Lugga ta sauka a bakin ganuwar Kontagora. Sarkin Sudan Ibrahim, ɗan Umaru Nagwamatse, yana da dubban mahaya da dakaru waɗanda sun saba da fagen fama. Su kuwa waɗanda suka zo ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma akasarinsu 'yan ƙasa ne, Hausawa da Yarbawa, in ban da hafsoshinsu Turawa. Duk da haka garin bai daɗe ba ya faɗi. Abin da ya raba gardama shi ne igwa da bindiga mai ruwa, waɗanda aka ƙera a masana'antun Ingila bayan shekaru ana bincike da gwaji. Takobi da baka da bindigar toka ba su da amsar da za su bayar. Bayan shekara biyu aka maimaita wannan labari a Kano da Sakkwato.

To, ga ikon Allah, garin da igwa ta ci a jiya shi ne a yau mazaunin hedkwatar sojojin igwa na Nijeriya. A can ne kuma ake da Cibiyar Horar da Sojan Ƙasa, da barikin da ke ɗauke da sunan Nagwamatse. Dajin da ke kewaye da garin ya sha ƙarar harbi na atisaye. Amma tambayar da ta kamata mai karatu ya yi ita ce: daga cikin kayan da ake gwadawa a wannan fili, nawa ne aka ƙera a cikin gida?

Ba a makara wajen farawa ba. Tun a 1964 aka kafa Kamfanin Ƙera Makamai na Nijeriya, wato DICON, a Kaduna, da taimakon wani kamfanin Jamus ta Yamma mai suna Fritz Werner. Ƙasar Barazil ba ta kafa kamfaninta na ƙera jiragen sama, Embraer, ba sai a 1969. Amma a 2021 Nijeriya ce ta karɓi jiragen yaƙi 12 samfurin Super Tucano, ƙirar wannan kamfani na Barazil da aka harhaɗa a Amurka, ta kuma girke su a Kainji, cikin Jihar Neja ɗin nan. Ƙane ya zama mai sayarwa, wa ya zama mai saye.

Dogaro da makamin wani yana da ranar ƙin dillanci. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da ƙasashen Yamma suka ƙi sayar wa Gwamnatin Tarayya jiragen yaƙi, sai da ta nufi Tarayyar Sobiyat. A 2014 kuma, ana tsakiyar fama da Boko Haram, Amurka ta hana cinikin jirage masu saukar ungulu samfurin Cobra. Turkiyya ta taɓa ɗanɗana irin wannan, da Amurka ta ƙaƙaba mata takunkumin makamai a 1975 saboda rikicin tsibirin Kubrus. A wannan shekarar ta kafa kamfanin Aselsan, ta ɗaura ɗamara. Yanzu jiragenta marasa matuƙi, samfurin Bayraktar, suna cikin kayan da ƙasashen Afirka ke rububin saye.

Ba kuwa basira ce ta yi ƙaranci a ƙasar nan ba. A cikin ƙuncin yaƙin basasa, masanan ɓangaren Biyafara sun ƙera nakiyar nan da ake kira Ogbunigwe, suka kuma tace mai da tarkacen da ke hannunsu. Sojojin ruwa sun ƙaddamar da jirgin sintiri na NNS Andoni da suka gina a Legas a 2012. A 2018 sojojin sama sun nuna jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi a Kaduna, sa'an nan a 2019 aka fito da motar sulke ta Ezugwu, mai jure nakiyar da ake binnewa a hanya. Ciwon dai shi ne abin da ke biyo bayan biki. Sau da yawa a kan ƙera guda ɗaya ko 'yan kaɗan, a yanke ƙyalle, a yi tafi, sa'an nan a canja wa hafsan da ya jagoranci aikin wurin aiki, kuɗi ya tsaya, aiki ya kwanta. Ga shi kuma masana'antar ƙarfe ta Ajakuta, wadda aka fara tun a ƙarshen shekarun 1970, ba ta kai ga ciyar da masana'antun ƙasa ba.

A nan ne Kontagora take da rawar takawa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Kofur ɗin da igwarsa ta cije cikin ƙurar hunturu, da direban da motarsa ta kafe a laka da damina, da wanda ya bi sawun 'yan bindiga masu babura a dazuzzukan Mariga da Rijau, su suka san abin da ake bukata. Idan kokensu sai ya bi tebur goma kafin ya isa kunnen injiniya, to abokin gaba ya riga ya sake dabara. Kamata ya yi a zaunar da masu bincike a gefen filin atisaye, a ƙera yau, a gwada gobe, a gyara jibi. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da hedkwatar tsara horo da aƙidar yaƙi ta sojan ƙasa duk suna cikin jiha ɗaya da wannan fili, Kaduna ma ba nisa.

Haka Amurka ta yi bayan da Sobiyat ta riga ta harba tauraron ɗan Adam a 1957. A 1958 ta kafa wata 'yar ƙaramar hukumar bincike ta soja, ta ba ta kuɗi da ikon yanke shawara cikin hanzari, ta kuma yarda cewa wani gwajin zai faɗi ba tare da an hukunta mai yinsa ba. Daga wannan hukuma aka sami tushen intanet a 1969.

Sabuwar dokar DICON da aka sa wa hannu a 2023 ta buɗe ƙofar haɗa gwiwa da kamfanoni masu zaman kansu. Sai dai doka takarda ce. Abin da zai raya ta shi ne kasafin da ba ya yankewa, da barin hafsa mai bincike ya daɗe a kan aikinsa ba tare da ya rasa ƙarin girma ba, da kuma alƙawarin cewa rundunar za ta sayi abin da 'ya'yanta suka ƙera in ya ci jarrabawa.

Mutanen Sarki Ibrahim suna da uzuri, domin ba su san abin da ke tafe ba. Na yanzu sun sani. Ba a kuwa fafe gora ranar tafiya.