Iya ruwa fidda kai: kamfanoni, ku kai kuɗinku inda yaranmu ke nutsewa

Kowace damina labarin iri ɗaya ne. Ruwa ya sauka, kududdufai sun cika, makarantu suna babban hutu, yara sun fita wasa. Kafin la'asar sai a ji kururuwa a wata unguwa: ruwa ya ci yaro. A kira ƴan kwana-kwana, a fiddo gawa, a yi jana'iza, mu zuba hoto a Facebook tare da addu'a. Bayan kwana uku an manta, ramin kuma yana nan yadda yake, yana jiran na gaba.

Ra'ayina a fili yake. Kamfanonin da ke cin riba a ƙasar nan, na waya, bankuna, na mai, na siminti da na gine-gine, ya kamata su sa kuɗi a koya wa yaran talakawa iyo, a kuma tsare wuraren da ke cinye su. Amma da sharuɗɗa, domin ba kowane taimako ne taimako ba.

Mu fara da girman abin. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5. Daga 2000 zuwa 2021 yawan mutuwar, idan aka auna shi da yawan jama'a, ya ragu da kashi 68 cikin ɗari a Turai, a yankin Afirka kuwa kashi 3 kacal. Wannan tazara tana nuna mana cewa abu ne da ake iya ragewa, idan an sa kai. Shi ya sa a 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. Ranar tana faɗowa tsakiyar daminarmu, amma mu nawa muka taɓa jin an yi wani abu a kanta a unguwarmu?

Wani zai ce Nijar ba ta da teku, me ya haɗa mu da iyo? To, ai ba teku ke cin yaranmu ba. Akwai kogin Isa a Yamai, akwai Gulbin Maraɗi, akwai tabkin Madarunfa da na Tabalak, akwai tabkunan da ke tsakiyar birnin Damagaram. Uwa uba, akwai ramukan da aka haƙa don ɗibar yashi, tsakuwa ko ƙasar bulo, aka bar su baki buɗe. Irin wannan rami ya fi tabki mugunta, don gefensa a tsaye yake, yaro na taku ɗaya daga ruwan gwiwa sai ya faɗa inda ya fi ƙarfin babba. Ga kuma ambaliya. A daminar 2024 mutum fiye da 300 suka rasu a ƙasar nan, wasu ruwa ya tafi da su, wasu gini ya faɗa musu, har sai da aka ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba. Ruwan da kansa yake zuwa ya iske mu har gida.

Yanzu a tambayi kai: a ina yaron talaka yake koyon iyo? Wuraren wanka masu tsabta suna cikin otal-otal da gidajen masu hali, kuɗin shiga na rana ɗaya ya isa cefanen wani gida. Saboda haka yaron unguwa a ɓoye yake koyo, a kududdufi, malaminsa wani yaro ne da bai girme shi da komai ba. Iyaye sun hana, sun yi bulala, amma yaro da ruwa sai Allah. Hanin kawai yana sa ya je inda ba babba ko ɗaya da zai gan shi.

Wasu ƙasashe sun nuna hanya, kuma ba masu kuɗi kaɗai ba. A Bangaladash, inda nutsewa ke kan gaba wajen kashe ƙananan yara, wata cibiyar bincike ta ƙasar mai suna CIPRB ta fito da shirin SwimSafe. Ba su gina wurin wanka na zamani ba. Tabkin ƙauye suke zaɓa, su kafa masa dandamali da shinge na gora, su horar da samari da ƴan matan garin su zama malamai. Abin da ake so yaro ya iya kaɗan ne: ya yi iyo na mita 25, ya iya tsayawa saman ruwa ba tare da ya firgita ba, ya kuma san yadda zai ceci wani yana tsaye a kan tudu. Ƙananan da ba su kai koyon iyo ba, ana tara su wurin reno daga safe zuwa azahar, lokacin da uwaye ke fama da aikin gida, don a lokacin ne suka fi faɗawa ruwa kusa da gida. Gidauniyar attajirin Amurka Michael Bloomberg tana cikin waɗanda suka zuba kuɗi a aikin. A 2022 gwamnatin ƙasar ta amince da nata shirin na buɗe wuraren reno 8,000 tare da koyar da iyo.

A Zanzibar, inda mafi yawan jama'a Musulmi ne kamar mu, ƙungiyar Panje tana koya wa ƴan mata iyo cikin tufafin da suka rufe jiki, mata ne ke koyarwa, kuma da bidon ruwa wanda ba komai ciki suke koyon tsayawa saman ruwa. A Amurka kuwa, inda wariyar launin fata ta daɗe tana hana baƙar fata shiga wuraren wanka har rashin iya iyo ya zama gado, kamfanin mai na Phillips 66 ya yi shekaru yana ɗaukar nauyin rangadin Make a Splash. Cullen Jones, wanda ya ci zinariya a wasannin Olamfik na 2008, yana cikin masu zagayawa da shirin, shi da ya kusa nutsewa yana ɗan shekara 5.

Kamfanoninmu sun san hanyar kashe kuɗi don suna. Muna ganin tambarinsu a filin kokowa lokacin gasar takobi, a wasan ƙwallo, a taron mawaƙa. Ba laifi ba ne. Amma kuɗin allunan talla na mako ɗaya zai iya biyan malaman iyo na damina guda a unguwanni da dama. Malaman ma muna da su: masunta da masu kwale-kwale da suka tashi a bakin kogi, ƴan kwana-kwana, ƴan agajin Croix-Rouge, malaman motsa jiki na makarantu. Horo da ɗan albashi suke buƙata.

Sai dai kada mu karɓi komai ido rufe. Sharaɗi na farko, wanda ya haƙa rami shi zai fara gyara ɓarnarsa. Kamfanin da ya kwashe ƙasa ya bar rami a bayan unguwa, cike ramin ko kewaye shi bashi ne a kansa, kada ya zo ya raba riguna ya ce ya yi kyauta. Na biyu, ba ma son bikin kwana ɗaya, a jera yara a ɗauki hoto a watse. Yaron da ya shiga ruwa sau biyu ya ɗauka ya iya, ya fi wanda ke tsoron ruwa shiga hatsari. Sai an yi makonni ana koyo, a gwada kowane yaro kafin a ce ya gama. Na uku, a faɗa mana lissafi: nawa aka kashe, yara nawa suka gama, mata nawa a ciki, a wace unguwa. Na huɗu, a yi alkawari na shekaru, hannu da hannu da ma'aikatar magajin gari da hukumomin ilimi, yadda ranar da kamfani ya janye aikin ba zai mutu ba.

Akwai masu ƙorafi, kuma maganarsu abin saurare ce. Wasu na cewa ruwan tabki yana kawo tsargiya. Gaskiya ne, shi ya sa ba kowane tabki za a zaɓa ba, sai wanda ma'aikatan lafiya suka duba, ko a yi amfani da ƙaramin wurin wanka na roba da ake kafawa a harabar makaranta. Wasu na cewa aikin gwamnati ne, bai kamata a bar wa ƴan kasuwa ba. Haka ne, kuma kuɗin kamfani ba ya sauke nauyin hukuma na hana haƙa barkatai da kafa shinge. Amma damina ba ta jiran kasafin kuɗi, kuma misalin Bangaladash ya nuna cewa aikin da aka fara da kuɗin masu taimako yana iya zama na gwamnati. Wasu kuma na cewa ajali ne, ko aljanin ruwa. Ajali gaskiya ne, amma ba mu taɓa fasa rufe rijiya don mun yarda da ƙaddara ba.

Kafin kamfanoni su motsa, akwai abin da ke hannunmu. Ku koya wa ƙannenku cewa mai nutsewa sau da yawa ba ya iya ihu, shiru yake tafiya. Kada wanda bai ƙware ba ya faɗa ruwa don ceto, ya miƙa sanda ko igiya, ko ya jefa bido rufaffe. Idan an fiddo mutum ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen juya shi ƙasa ko matsa masa ciki, a hura masa iska ta baki, a danna ƙirji, a nemi likita.

Sannan kowa ya zagaya unguwarsa ya ƙirga ramukan da ke cika ruwa, ya ɗauki hoto, ya binciki wanda ya haƙa. Mu haɗa jerin mu kai wa magajin gari, mu kai wa kamfanonin da muke sayen katinsu da simintinsu kullum, mu tambaye su me za su yi kafin 25 ga Yuli mai zuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a neman malamin iyo ranar da ruwa ya riga ya cika rami.