Zare: 'Yan SS3 na Batsari da Safana, ku ɗauki hoton nan da yunifom ɗinku

1/ An gama WAEC, NECO na kan hanya, rukunonin WhatsApp na 'yan aji shida sun cika da hotunan yadi. Wannan ta ce ruwan toka, wancan ya ce sai shadda fara. Ni dai ga tawa, kuma na san zagin da zan sha: ku bar ankon nan. Hoton kammala sakandire da yunifom ya kamata a ɗauke shi.

2/ Mu fara da yadda ake zaɓen ankon, don a nan cutar take. Mutum huɗu ko biyar ne a aji suke yanke hukunci, kuma kullum su ɗin dai ne, waɗanda gidansu ba a tambayar farashi. Su turo hoton yadi daga Kantin Kwari, su ce kowa ya kawo kuɗi kafin Juma'a. Sauran aji su yi tsit. Wa zai miƙe a gaban abokansa ya ce gidanmu babu?

3/ Kuma ba yadi kaɗai ba ne. Akwai ɗinki, akwai hula ko mayafi da zai shiga da kalar, takalmi, lalle, kwalliya, kuɗin mai hoto. Sannan a ƙara hayar baƙar rigar nan da hula mai faɗi kamar faifai. Duk don awa uku.

4/ Yanzu ku dubi wanda zai biya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023 kowa ya san inda farashi ya nufa. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, wannan ma ga mai albashin kenan. Iyayenmu a nan akasari manoma ne, kuma da yawa gonar da ke can wajen Dajin Rugu sun shekara da shekaru ba su leƙa ta ba. Batsari da aka sani da rogo, yau akwai magidancin da yake sayen abin da a da yake kyautarwa. Shi za ka je wa da maganar anko?

5/ A ajinku akwai yaron da iyayensa suka baro ƙauye da dare suka dawo cikin gari, suna raɓe a ɗakin aro. Akwai yarinyar da aka sayar da shanun gidansu aka fanso wani nata. Kun san su, ba sai na nuna ba. Ranar hoto ba za su ce muku ba su da kuɗi ba. Za su ce zazzaɓi, ko an aike su Dutsin-Ma. Shekara ashirin nan gaba a ɗauko hoton aji, babu fuskarsu, kamar ba su taɓa zama a bencin ba.

6/ Wallahi wannan ne yake ƙona min rai. Su ne suka fi kowa shan wuya kafin su kai aji shida, su ne kuma ankon ke cirewa daga hoto.

7/ Wani zai ce, "Haba, yunifom kuma? Shekara shida muna sa shi, ya koɗe." E, ya koɗe. Ku tuna dai abin da ya gani kafin ya koɗe.

Daren 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar sakandiren kimiyya ta Ƙanƙara, nan maƙwabtanmu, aka kora yara sama da 300 cikin daji. Bayan haka gwamnati ta rufe makarantun kwana. A Satumba 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana, aka yi watanni uwa ba ta iya kiran ɗanta ta ji ko ya isa. A cikin irin wannan ne iyaye suka ci gaba da wanke rigar nan, suna goge ta da dutsen guga na gawayi, suna tura ku da safe zuciyarsu na dukan uku-uku.

8/ Yaron Abuja da ya gama sakandire ya gama karatu ne. Kai da ka gama a Runka ko Wagini ko Ruma, ka gama abin da aka yi ta ƙoƙarin hana ka da bindiga. Rigar da za ta ba da wannan shaida a hoto ita ce kake jin kunyar sawa, ka ɗauko shadda wadda kowane ɗan biki ke sawa?

9/ Shaddar ma, tunda an zo wajen. Getzner da ake ta alfahari da ita kamfani ne a ƙasar Ostiriya, kuma mu faɗi gaskiya, yawancin abin da ke yawo a kasuwa da wannan suna kwaikwayo ne. Baƙar rigar hayar kuwa ta samo asali ne daga tsofaffin jami'o'in Turai irin su Oxford, inda sanyi ke ratsa bango. Mu kuma a zafin Katsina, yaro na zufa a cikinta, an ɗauko ta daga jikin wani ko wanki ba ta gani ba. Ku bari sai kun gama digiri a Dutsin-Ma ko jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, a nan za ta yi muku kyau.

10/ Akwai kuma maganar da ba a son yi da ƙarfi. Duk wanda ya zauna a yankin nan ya san 'yan bindiga ba duba suke yi ba, infoma ke kai musu labari. To sai ga shi mu da kanmu muna ɗora bidiyo a TikTok: ga fuska, ga cikakken suna, ga sunan makaranta, ga sarƙa da agogo, ga motar aro ana kwatanta ta gidanmu ce. Ka ci bashi ka nuna arzikin da ba ka da shi, a garin da ake yi wa mutum farashi da abin da aka gani a jikinsa. Anya kuwa?

11/ Ƙannena mata, ku nauyin ya fi faɗowa a kai, ku kuma aka fi yi wa gori. In kin yi kwalliya a ce kin zaƙe, in ba ki yi ba a ce ba ki waye ba. Kuma kun fi ni sanin hanyar da wasu ke bi su samo kuɗin anko idan gida ya ce babu. Akwai masu jiran daidai wannan lokacin su "taimaka". Hijabinki na makaranta, wankakke gogagge, ya rufe musu ƙofar tun kafin su yi sallama.

12/ Ban ce kada a yi murna ba fa. Ba na cikin masu cewa a hana komai. A 2025 gwamnatin Sakkwato ta haramta bikin nan na rubuce-rubuce a farar riga a makarantun sakandire, wasu suka yi ta tafi. Ni ban ga abin tafi ba. Yaran da suka rayu cikin fargaba suna da haƙƙin yini guda na dariya. A yi walima, a dafa shinkafa, a sa kiɗa daidai misali. Mai shadda ya sa abarsa da yamma a gidansu, ya ɗauki hoto da kakarsa, babu mai hana shi.

Hoton aji nake magana, wanda za a rataye a ofishin shugaban makaranta. Wannan na kowa ne.

13/ Ku duba ma takardar WAEC ta yayyenku. Hoton da ke manne a jikinta, wanda za a nuna a JAMB da wajen neman aiki, galibi da yunifom aka ɗauke shi, kuma ban taɓa jin wanda ya kai ƙara ba.

14/ Don haka shugaban ɗalibai da shugabar ɗalibai, aikin naku ne, tunda ku ake saurara. Ku rubuta a rukunin aji yau: ranar hoto kowa da yunifom. In an riga an fara tara kuɗi, a biya mai hoto ɗaya ya wanke wa kowa kwafi a takarda, don waya tana ɓata, wani ma ba shi da ita. Wanda rigarsa ta yage, a ara masa ta ɗan aji biyar. Sannan a ɗauko rajistar aji a kira suna ɗaya bayan ɗaya, wanda bai amsa ba a tura mashin ya ɗauko shi kafin mai hoto ya danna.