Layi Ba Kayan Sayarwa Ba Ne

Jama'a, kada ku raina bin layi. Ko a wuraren shaƙatawa na Amurka, inda mutane ke biyan kuɗi don hawa lilo da jiragen wasa, layi ne babban abin da ke hana masu wurin barci.

Ranar 17 ga Yuli, 1955, da aka buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya, abin bai yi kyan gani ba. Wasu sun shigo da jabun tikiti, jama'a ta fi ƙarfin wurin, abinci ya ƙare, famfunan ruwan sha kuma ba su aiki. Daga nan kamfanin Disney ya ɗauki sarrafa taro da muhimmanci. Aka riƙa lanƙwasa layi kamar maciji don ya ci ɗan fili kaɗan, aka yi masa inuwa da abubuwan kallo, aka kafa allo mai faɗin mintin da mutum zai yi yana jira. Hikimar a fili take: jiran da ka san iyakarsa ya fi wanda ba ka sani ba sauƙi.

A 1999 suka fito da tsarin FastPass. Mutum ya sa tikitinsa a na'ura, ta ba shi takarda mai lokacin da zai dawo, ya tafi yawonsa. Ba a biyan ko anini a kai, mai kuɗi da talaka duk ɗaya. Amma a 2021 aka soke shi, aka kawo Genie+, wanda ya fara da dala 15 a rana a Disney World ta Fulorida. A 2024 aka sake masa suna da fasali, amma biyan kuɗi bai tashi ba.

A nan ne na raba gari da su. Masu kare wannan tsari suna cewa ba a tilasta wa kowa ba, kuma kuɗin na taimaka wa gyaran wuri. To, mu yi lissafi. A ce jirgin wasa na ɗaukar mutum 1,000 a awa, kuma mutum 1,000 ne a gabanka: jiranka awa ɗaya ne. In aka keɓe wa masu biya rabin kujerun, jiranka ya zama awa biyu. Kujera ko ɗaya ba ta ƙaru ba. Ashe lokacinka aka sayar wa wani, kai kuwa ko sisi ba ka gani ba. Hausawa na cewa wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi. Yanzu kuwa wanda ya fi ka aljihu ne ke riga ka hawa.

Wani zai ce wasa ne, ina ruwanmu? Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, gobe ku ne za ku zauna bayan tebur, jama'a na tsaye a gabanku don fasfo, ko fansho, ko ganin likita. Ku ɗauki mai kyau daga masu wuraren nan: ku ƙirga yawan mutanen da za ku iya sallama a awa, ku ba kowa lamba da lokaci, ku tanadi inuwa da benci, ku ƙara taga ran da taro ya yi yawa. Amma ku bar musu ƙofar masu kuɗi, domin a ofishin gwamnati sunanta cin hanci. Wanda aka tsallake a wurin lilo nishaɗi ya rasa. Tsohon da aka tsallake a layin fansho abincin gidansa ne ya salwanta.