Finjali Arba'in da Rigimar Mariƙi

Waɗanda suka aiko suna tambayar abin da ya hana wannan fili fitowa a makon jiya, ku yi haƙuri, yumɓu ne ya riƙe ni. Bari in ɗauko muku zancen daga tushe.

Stoke-on-Trent, inda nake zaune tun da na zo Ingila karatun digiri na uku, gari ne na magina tangaran. Asalinsa garuruwa shida ne aka haɗe: Tunstall, Burslem, Hanley, Stoke, Fenton da Longton, kuma duk yumɓu da kwal ne suka raya su. A Burslem Josiah Wedgwood ya kafa kamfaninsa a 1759. Har yau in kana yawo za ka ga tsofaffin tanderun bulo masu siffar kwalba a bayan gidaje, ragowar waɗanda dokar hana hayaƙi ta 1956 ta kashe wa wuta. Mutanen garin suna da wata ɗabi'a: in aka kawo musu shayi, sai sun kifa farantin sun duba hatimin da ke gindinsa, su ga ko aikin gida ne.

Ni dai ba tarihi ya kai ni ajin gini ba, sanyi ne da kaɗaici. In hunturu ya shigo, kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi, ɗaki ya zama kurkuku. Sai na yi rajista a wani ajin yamma. Malamarmu dattijuwa ce da ta haura saba'in, ta yi shekara talatin a masana'anta tana aiki guda tilo: manna wa kofuna mariƙi. Goggo nake ce mata. Da na gaya mata ma'anarsa ta karɓi sunan da murna.

Na ukunmu shi ne Kawu, mai ɗan shagon gahawa a Hanley, Bahaushen Sudan haifaffen Kasala. Gahawarsa irin ta can ce: a soya ƙwayar, a daka, a dafa da citta a cikin jabana, wato ɗan tulun ƙasa mai dogon wuya, a tsiyaya a finjali. Ranar da na nuna masa wani karkataccen kwano da na gina, ya juya shi ya ce, "'Yata, malamar nan taku za ta iya yi mini finjali arba'in? Na gaji da na kwali, kowane shago irinsu ɗaya." Na ce ni zan zana, ita ta gina, shi ya biya. A bakina abin kamar shan ruwa.

A zaman farko aka fara rigima. Goggo ta kalli zanena ta ce ina mariƙin? Kawu ya ce finjali ba ya da mariƙi, tun kakanninsa da yatsa uku ake ɗaukarsa. Ta ce Turawan da ke shiga shagonsa za su ƙone. Ya ce su koya. Ni ke fassara a tsakani, ina rage wa kowace magana barkono kafin in miƙa ta. Ku tuna fa, matar da ta ƙare ƙuruciyarta a kan mariƙi ake gaya wa ba a bukatarsa. A ƙarshe ita ta samo mafita da hannunta: ta buɗe bakin finjalin kaɗan ya bazu waje, ta ƙara wa gindinsa kauri, yadda in an zuba gahawa ba a cika ba, leɓen zai zauna da sanyinsa a riƙe a nan.

Sai maganar ado, kuma a nan na sha kunya har sau biyu. Na zo da dagin Arewa, na zana shi kewaye da finjalin, ina jiran yabo. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Yana da kyau. Mene ne?" Na zaci wasa yake. Ashe mutumin da yake mafarki da Hausa, wanda kakansa ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa da niyyar aikin hajji, bai taɓa ɗaukar wannan alama a matsayin tasa ba. Abin da ya tuna shi ne saƙar bakin faifan mahaifiyarsa, wanda take rufe kayan gahawa da shi. Ya karɓi birona ya zana layuka masu hawa da sauka, hannunsa na rawa. Nasa ya fi nawa dacewa da finjalin, ban kuma ji daɗin amincewa da hakan ba.

Kunya ta biyu a hannun Goggo na sha ta. Don in nuna mata mu ma muna da magina, na zaro tsohuwar naira ashirin da ke maƙale a jakar fasfona, na nuna mata hoton Ladi Kwali a bayanta. Ashe ta fi ni saninta. Ita ta ba ni labarin yadda Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, da yadda ta shiga cibiyar koyon gini ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954, mace ta farko a wurin. Ta bayyana mini yadda take tsaga kadangaru, kunamu da kifaye a jikin tulu, a cike tsagar da farin yumɓu, a rufe da ruwan ƙyalli mai nuna abin da ke ƙarƙashinsa. Har ta tuna mini cewa Ladi Bagwariya ce, lokacin da ta ji ina neman mayar da ita tamu. Takardar da na yi shekara ashirin ina sayen ƙosai da ita, sai a Ingila aka karanta mini ita.

Muka tsaya a kan dabarar Ladi da zanen Kawu. Tsagar aikina ce, tun da Goggo ce ke kan faifan gini mai juyawa. Ta gargaɗe ni kada in nutsa wuƙa, domin bangon finjali siriri ne. Ni kuwa ina son zanen ya fito ɓaro-ɓaro a hoto, sai na danna.

Wanda bai taɓa gini ba bai san yawan jiran da ke cikinsa ba. Sai abin ya bushe sarai, kwana da kwanaki. A yi gashin farko a wajen digiri 1,000 na ma'aunin Salshiyos. A shafa ruwan ƙyalli, a mayar da shi wuta ta biyu da ta haura digiri 1,200, sannan a bar tanderu ya huce da kansa, ba a buɗewa don ɗoki. A tsakanin jiƙa da gashin ƙarshe yumɓun yana tsukewa da kusan kashi 12 cikin ɗari, kuma duk inda aka raunana shi, nan tsukewar take bi ta yaga. Cikin sha biyun gwaji, bakwai suka fito da tsaga a daidai layin da na danna. Goggo ba ta ce uffan ba. Ta jera su a gabana, ta ɗauki cokali tana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya: lafiyayye ya yi ƙara kamar ƙararrawa, mai tsaga ya ce "ƙwas". Mako uku da kuɗin wutar Kawu sun tafi. Da na je ba shi haƙuri cewa ya yi, "Gahawa ma sai ta sha wuta take ƙamshi, 'yata. Amma kuɗin na biyu ki ji tausayina."

Akwai abin da nake so ɗalibai 'yan uwana a Birtaniya su riƙe. Da aiki ya kankama, Kawu ya ce zai biya ni ladan zane, Goggo kuma ta ce in an sayar da irinsu a kasuwa a ba ni kaso. Na kusa cewa to. Allah ya sa na fara tambayar ofishin da ke ba ɗaliban waje shawara a jami'armu. Bizar ɗalibi ta yarda ka yi aikin albashi har awa 20 a mako lokacin karatu, amma ta hana sana'ar kai da kasuwanci kwata-kwata. Ladan zane da aka biya ka kai tsaye yana cikin abin da aka hana, haka ma ƙunshi, kitso ko dambun naman da ake tallatawa a Instagram. Na san da yawa a cikinmu suna yi, na kuma san halin kuɗin haya, amma fam ɗari biyu ba su kai a sa karatun shekara huɗu a caca ba. Na ce musu na yafe.

Abin da ya ɗan tsaya mini a rai shi ne hatimi. Na so a sa sunana a gindin finjalin. Goggo ta ce a al'adar garin nan gindi na wanda ya gina ne. Na yi shiru, ina ganin ai ni ma na yi gumi. Sai ranar da aka sauke na ƙarshe na kifa ɗaya, na ga a gefen hatiminta ta tsaga ɗan mitsitsin dagi, bai kai ƙwayar wake ba. Kawu har yau bai lura ba, don shi ba ya kifa kofi. 'Yan gari kuwa sun fara tambayarsa ko wane kamfani ne wannan.

Arba'in aka gasa, talatin da takwas suka tsira. Amma da muka buɗe kwalin a shago sai muka ƙirga arba'in da biyu. Goggo ta ƙara huɗu daga aljihunta, kowanne da ɗan mariƙinsa, an manna shi yadda ba ka ganin mahaɗa. Kawu ya ɗora su a can saman kanta, bayan gwangwanin citta, ya ce ba da hannunsa zai ba wani ba. Shekaranjiya na shiga na tarar da wata tsohuwar Baturiya tana shan gahawa da ɗaya daga ciki. Na kalle shi. Ya ce yaron shago ne ya sauko da shi.